Inabin da Na Dasa a Gidan Surukai

Akwai itacen inabi a ɗan filin da ke bayan ɗakunanmu a unguwar Khumra ta Jidda, wanda mutanen nan suke ce wa hoshi. Ni na dasa shi, ni nake shayar da shi, kuma har yau ban cika tafin hannuna da 'ya'yansa ba. Wanda ya ga abin dariya ne ya yi dariyarsa. An riga shi, surukaina sun daɗe da ƙoshi da ita.

Gidan ba nawa ba ne. Umra na zo ina saurayi na ƙi komawa, ba ni da iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ba ni da kafili mai tsaya min. Walda nake yi a wata warsha, ƙofofin ƙarfe da ƙafafun tankin ruwa. Mai warshar ya san matsayina ya kau da kai, saboda hannuna yana da kyau, bakina kuma ba ya neman ƙari. Matata haihuwar nan ce, kakanninta suka zo Hajji a ƙafa suka zauna, Hausarta rabi Larabci ce. Su suna da takardu. Gidan na uwarta ne, Hajiya, tsohuwa mai zama a unguwar Bagdadiyya, amma wanda yake juya shi ƙanin matata ne, wani mai farar riga da ƙamshin turare da ke zaune a bene a unguwar Safa, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba tun da aka haife shi. Layin wayar da ke aljihuna ma da sunan matata aka yanka.

A ƙasar nan kaf, in aka ce in nuna abu guda da hannuna ya kafa ya tsaya, itacen nan ne. Ni ɗan manomi ne. Ban nemi gona ba, ban nemi gida ba. Abin da na nema shi ne in miƙa hannu in tsinko abin da na shuka in sa a baki, kafin a kama ni a jefa a jirgi, ko a binne ni.

Wani tsoho ɗan Yaman ne ya jawo min, mai gadin lambu a Ɗa'ifa. Ya kawo motarsa a yi wa ƙofar baya walda, muna shan shayi hira ta kai mu noma. Da ya sake biyowa ta warsha sai ya miƙo min wani guntun reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

Ya ce, "Wannan ba ɗan Jidda ba ne. Ɗan dutse ne, sanyi ya sani. In bai yi barci ba, ba ya haihuwa. A wurinmu sanyi ke kwantar da shi. Ku da ba ku da sanyin kirki, sai ka taimaka da hannu. In shita ta shigo, lokacin sanyi ke nan, ka yanke masa ruwa, ka tsige ganyen duka, ka bar shi tsirara ya ji wuya. Sannan ka yi masa aski, ka ba shi ruwa ya farka."

Na ce, "In sanyin bai zo ba sam fa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Allah Karim," ya hau motarsa. Ban sake ganinsa ba, kuma ya yi sa'a.

Ƙasar Khumra gishiri ce da ta yi shigar ƙasa. Na haƙa rami har ƙugu, abin da ke fitowa fari-fari, ka ɗanɗana ka tofar. Na kwashe na zubar. Ƙasa mai kyau a buhu na riƙa kawo ta a kafaɗa, daga inda ake sauke wa masu manyan gidaje, abin da ya zube a gefen hanya nake sharowa. Taki kuwa kasuwar tumaki nake zuwa, ina tsugune ina tara kashin dabbobi, dillalai suna nuna ni da baki. Rumfar da zai hau da ragowar ƙarfen warsha na haɗa ta. Ruwa kuma, kowa ya san a unguwarmu sai wayit ta zo, tankar nan ta ruwa, in ta ga dama. Na kafa bokiti a ƙarƙashin mukayyif ina tare abin da yake ɗigarwa yana sanyaya mana ɗaki, na ce kowa a gidan ya yi alwala a cikin kwano kada ɗigo ya tafi a banza. Matata ta ce na mayar da ita 'yar gudun hijira a gidan uwarta.

Reshen ya kama. Ya hau ƙarfe, ya rufe rumfa, ganye fato-fato, hoshin da da ko kyanwa ba ta kwanciya a ciki ya zama wurin shan inuwa. Daga nan na shiga rigima da sama.

A garinmu yanayi yana da kunya. Damina ta zo ta tafi, kaka ta biyo, sanyi ya shigo a lokacinsa, tsoho yana zaune a ƙofar gida zai gaya maka abin da sama za ta yi jibi. Shitar Jidda ba ta da alkawari ko na anini. Shekarar farko da na gwada, na yi duk abin da ɗan Yaman ya ce, na zauna jiran sanyi. Bai zo ba. Muna tsakiyar shita muna kwana da mukayyif. Itacen ya ga babu dalilin barci, ya fid da sabon ganye ya ci gaba da harkarsa, ko fure ɗaya babu.

Wata shekarar sanyi ya fara da kyau, na busar da ƙasar da ƙyar, sai sama ta ɓalle. A garin da ake shekara ba a ga hadari ba! Ruwan da ya kamata a raba wa shekaru ya sauka tsakanin hantsi da la'asar. Titi ya zama kogi, ruwan kwata ya shigo hoshi har gwiwa. Jama'a suna ɗaga katifu, ni ina kwarfar ruwa daga gindin itace da kwanon sha. Aikin banza. Ya sha ya ƙoshi, ya farka kafin lokaci, ya yi toho. Toho yana fitowa sai ga sanyin da na yi ta roƙo, a makare, da iskar arewa mai gishirin teku a bakinta. Ta kaɗa ta kaɗa, tohon ya yi baƙi ƙirin kamar na hura masa wutar walda.

Da fure ya taɓa fitowa kuwa, laima ce ta sauka, wadda suke ce wa ruɗuba, irin wadda za ka shanya riga ta kwana ta fi jiya jiƙewa. Wata farar hoda ta hau ganye, furen ya kakkaɓe, matata ta share shi da tsintsiya tare da ɓawon albasa.

Duk zuwan da ƙanin matata zai yi, sai ya leƙa hoshi yana kaɗa makullin mota.

"Ya Sarkin Noma! Kef al-mazra'a, ya gona? Yaushe zan turo tirela a kwashi amfanin gona?"

Na ce, "Ranar da ka iya bambance gero da dawa."

"Wallah ni ba ruwana da gero. Inabi na nan tuli a baƙala, kantin bakin layi, ya shekh, mai sanyi, a wanke. In sayo maka in rataya a rumfar da zare ka ji daɗi?"

Ƙanin mata abokin wasa ne, haka muka gada, ba a fushi da shi. To ni wasan ya daɗe da fita raina, shi ma ba wasan yake yi ba. Ido ya sa wa hoshin.

Wata Juma'a ya fito da maganar a gidan Hajiya, muna cin abinci. Ya ce zai rufe hoshi da kwano ya yi ɗaki ya sa leburori haya, wuri yana zaune a banza ana kiwon itacen da bai san abin da aka dasa shi ya yi ba. Da Larabci ya faɗa, da sauri, wai don kada in kama. Na kama tsaf. Amma ina gaban surukata, kaina a ƙasa, shinkafarta a hannuna. Mutumin da ba shi da takarda ba ya ɗaga murya a kan filin wani.

Hajiya ta juyo ta ce, "Ya waladi, ka ji abin da ƙaninka ya ce. Itacen nan ya daɗe yana shan ruwa."

Na ce, "Hajiya, yanayi ne bai ba da hali ba."

Ta ce, "Yanayi ba zai sake hali don kai ba. A bar masa shekarar nan. In ya yi 'ya'ya mun gani mun ci, ya zauna. In bai yi ba, halas, a sare a yi ɗaki."

Ɗan nata ya ce, "Tamam, ya ummi," yana kallona yana suɗe yatsa.

Da shita ta shigo na yanke ruwa, na ɗauke bokitin mukayyif, na hau kan gwangwani ina tsige ganye ɗaya bayan ɗaya ina zubarwa ƙasa. Matata ta fito da tsintsiya ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wai kai wane irin mutum ne, Baban yara? Shekara guda kana hana mu ruwa don ya yi ganye, ya yi ganyen kuma ka hau kana tsigewa."

Na ce, "Ba ganye nake nema ba. 'Ya'ya nake nema."

Ta ɗauki ɗaya ta murza, ta ce wannan ya tsufa kamar fata, ko waraƙ inab ba zai yi ba. Wani abinci ne nasu na nan, a naɗe shinkafa da nama a cikin ganyen inabi kamar ƙaramin yatsa, a jera a tukunya a dafa da lemun tsami. Shekarun da ba 'ya'ya takan tsinki sabon ganye cikin tafi ta yi wa yara, ban taɓa hanawa ba. Ta share tsohon ganyen ta kai bola, maƙwabta suna gani.

Shekarar nan sai sanyi ya zo na gaske, ya kuma zauna. Mutane suka fito da rigunan da suka manta suna da su, leburori suna ɗaure kunne da rawani suna tsine wa iska. Ni kaɗai ne a Khumra nake fita da asuba ina jin hannuna yana ƙanƙarewa ina cewa alhamdu lillahi. Kullum ina duban gabas kada hadari ya taso ya ɓata min. Ya taso sau ɗaya, baƙi wuluk, na tsaya a hoshi ina yi masa magana kamar mahaukaci, ya yi yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba ya wuce. Itacen ya yi barci, ya bushe kamar matacce, har matata ta ce wannan karon kam na kashe shi na hutar da ƙaninta.

Da na ji sanyin ya fara sassauci na yi masa aski, na zuba taki, na ba shi ruwa. Ido ya kumbura a jikin rassa. Toho ya fito. Iskar arewa ta taso, na kewaye rumfar da buhuna na tare ta. Fure ya fito, wani ɗan abu kore-kore mara kyan gani, laima ba ta sauka ba. Sai furen ya zube da kansa ya bar 'ya'ya, ƙanana kamar ƙwayar gero. Suka zama kamar dawa. Suka zama kamar wake. Nonnan inabi suna reto a ƙarƙashin rumfa, nan ɗaya, can biyu, har inda ban zata ba. In na dawo daga warsha ko hannu ba na wankewa, sai in kwanta rigingine a tabarma ina kallonsu.

A saman kowane nono akwai ganye, sabo, mai laushi, mai faɗi. Shi ne lemarsa. Ranar bazarar Jidda ba rana ba ce ta wasa, ƙarfen da ka bari a waje ba ya taɓuwa. Ɗanyen inabi in ba inuwa a kansa, dahuwa yake yi a jikin uwarsa. Wannan ko akuya ta sani. Ban zaunar da kowa na yi masa karatu a kai ba, don ban taɓa zaton akwai mai hankalin da yake bukatar a gaya masa ba.

Ana cikin haka aka fara kame a unguwa. Motoci a bakin kowane layi, ana tare mutane ana cewa iƙama. Mai warsha ya ce kada wanda ya fita, muka koma kwana a sito a bayan tulin ƙarfe, mu da ba mu da takarda. Kwanaki ina can. Na buga wa matata waya na ce ta riƙa zuba ruwan mukayyif a gindi safe da yamma. Ta ce to. Ta ce kuma matar ƙaninta ta haihu, namiji, ana shirin suna a Safa, Hajiya ta ce a yi abin da ba a taɓa yi ba. Na ce Allah ya raya. Me ya dame ni da sunan ɗan wani ina kwance a kan kwali?

Da ƙura ta lafa na dawo gida da rana tsaka. Tun daga ƙofa na ga haske ya yi yawa a hoshi. Na shiga.

Rumfar tsirara. Ƙarfena na gani, da rassa, da sama. Ganyen da ya rage tsofaffi ne na can ƙasa da 'yan ƙanana na bakin reshe. Duk mai laushi, duk mai faɗi, duk wanda ke saman nonna, babu. Nonnan suna rataye a fili, rana tana dukansu, gefen da ke kallon sama ya riga ya fara ja kamar an soya.

Na ƙwala wa matata kira har maƙwabci ya leƙo ta katanga.

Ta fito tana goge hannu. "Lafiya? Sannu da zuwa ma ba za ka bari a yi maka ba?"

"Ina ganyen?"

"Ummi ce ta aiko. An yi waraƙ inab na suna. Mu da matan layi muka tsinka shekaranjiya, kwando biyu. Wallahi ba mu taɓa maka inabi ko ƙwaya ɗaya ba, ni na tsaya a kansu, na ce duk wadda ta taɓa 'ya'yan nan ita da kai."

Tana faɗa tana jiran in gode mata.

Na ce, "Kin kashe su."

"Kamar yaya na kashe su? Ga su nan a rataye, ƙirga abinka."

"Ganyen ne inuwarsu! Dubi yadda rana ta yi musu!"

Ta ɗaga kai ta duba, ta dawo da ido kaina. "To ba kai ne ka hau gwangwani kana tsigewa kana zubarwa ba? Duk layin nan sun gani. Da bakinka ka ce min ba ganye kake nema ba. Ummi ta tambaye ni, na ce ai shi ba ruwansa da ganye, bola yake kaiwa."

"Wancan shita ce! Wannan bazara ce!"

"Ni ina na sani? Ganye dai ganye ne. Kullum kana can kana magana da itace, mu in mun tambaya sai ka harare mu. Kuma uwata ta aiko neman ganye a gidanta, in ce mata me? In ce babu, ga shi yana reto?"

Mutanen da aka haifa a kan siminti ke nan. Sun san lokacin Hajji, sun san lokacin rangwame a kanti, amma a wurinsu itace abu ɗaya ne daga Muharram zuwa Muharram. Na ce mata abubuwa a ranar waɗanda ba zan rubuta ba. Ita ma ta ce nata, rabi da Larabci, kuma ta tuna min gidan wa nake tsaye a ciki.

Ban tsaya ba. Na kwaso buhuna, zanin gado, har da tsohon zanenta na ɗaura a saman rumfa. Na ce ko rabi ne a tsira da shi. Da sama ta bar ni, wataƙila da an tsira. Washegari azyab ta taso, iskar kudu mai zafi da ƙura, wadda in ta bugi fuska kamar an buɗe murhun gasa burodi. Ta tsinke igiyoyin, ta ɗauke zanin gadon ta kai gidan wani. Na ɗaura ta tsinke, na ɗaura ta tsinke. Na so in jiƙa buhunan, tanki babu ruwa, wayit ba ta shigo ba saboda kamen ya kori direbobin. Na ƙi zuwa warsha, ina tsaye a kan gwangwani ina riƙe buhu da hannu biyu a kan nono ɗaya, ƙura tana shiga haƙorana, sauran suna soyuwa ina gani.

Da iskar ta kwanta, 'ya'yan sun yamutse, sun koma ruwan ƙasa, ka taɓa su zubo. Na tsinci 'yan ƙwayoyin da suka rage kore a can cikin nono na tauna. Tsami ya kama min muƙamuƙi har hawaye.

Da yamma matata ta kawo min faranti. Wai rabona na suna ne, Hajiya ta ce a ajiye min a firji. An jera su reras, an ɗora yankan lemun tsami. Na ce ta ɗauke shi daga gabana kafin in yi saɓo da abinci.

Ba a yi mako ba sai ga ƙanin matata da magini da igiyar awo, Hajiya a gaban mota, wai ta zo ganin jikoki. Ya shiga hoshi ya ɗaga kai ya ga busassun nonna, ya yi dariya har da dafa bango.

"Mabruk, ya Sarkin Noma! Mu muna jiran inabi, kai har ka wuce ka yi mana zabibi!"

Na ce, "Auna abinka. Ka sare. In ba ka da zarto ina da shi."

Da gaske nake. Ban ƙara son ganin itacen ba. Ƙanin matata ya dube ni yana neman inda tarkon yake, bai samu ba, ya ce wa magini yalla, ja igiya.

Sai ga Hajiya ta fito tana dogara sanda, matata tana riƙe da hannunta. Ta dubi magini ta ce, "Wannan me yake yi?"

"Awo, ya ummi. Kin ce in bai yi 'ya'ya ba a sare. Ga shi nan, bai yi ba."

Ta ce, "Na ce. Yanzu na fasa. Ba mai taɓa itacen nan."

Ta zauna a kan kujerar da aka jawo mata ta ba mu labari. Wai ranar suna matan benen Safa, har da wata 'yar Sham da ba a taɓa burge ta da girki ba, sun yi ta tambayar inda aka samo ganyen. Wai na kwalba da ake sayarwa gishiri ne da jijiya, wannan kuwa narkewa yake a baki. Wai ta ce musu daga gonarmu ne ta Khumra. Gonarmu! Har ta yi wa mutum uku alkawari baɗi.

Ɗanta ya ce, "Ya ummi, ɗaki fa? Saboda ganye?"

"Ɗakuna sun yi maka kaɗan ne? Na gama magana."

Na durƙusa, don ba a yi wa suruka magana a tsaye. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. 'Ya'ya na dasa. In za a tsige shi duk bazara, ba zai taɓa yin 'ya'ya ba har abada. Gara a sare."

Ta ce, "Ya waladi, shekara nawa kana bin 'ya'ya suna gudu? Allah ya ba ka abin da ya ba ka, ka riƙe. Ka ci gaba da kula da shi yadda kake yi, hannunka yana da albarka. In da yadda za ka yi masa askin ya ƙara ganye, ka yi."

Ranar ce kaɗai bakina ya taɓa zama ɗaya da na ƙanin matata, kuma mu biyun tsohuwar ta kayar tana zaune. Ya naɗe igiyarsa yana huci. A ƙofa ya juyo ya ce, "Ka ci, Sarkin Ganye." Me na ci? An bar min itacena an ɗauke abin da na dasa shi domin shi, an kuma naɗa ni mai yi wa matan Safa noman abin naɗe shinkafa.

Na rantse a raina ba zan ƙara ba shi ko ɗigo ba. Zarto Hajiya ta hana, ba ta ce dole in ɗauki bokiti ba. Ya mutu da ƙishi a tsaye, kowa ya huta. Na daina shiga hoshi. In na dawo daga warsha sai in wuce ɗaki in juya wa taga baya. Zafi yana ƙaruwa, na san ƙasar tana tsagewa, na ce ta tsage.

Wata safiya ina ɗaure takalmi na ji ƙarar ruwa a hoshi. Na leƙa. Matata ce, ta gama wanki, ta ɗauko bahon da ruwan sabulu, kumfa fal, har da ragowar bilic ina jin warinsa daga inda nake. Ta riga ta tuttula rabi a gindin itacen, ta ɗaga za ta ƙarasa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Na fizge bahon na watsar da shi a kwata.

"Ruwan sabulu? A saiwa? Ke wai me itacen nan ya yi miki?"

Ta ce, "Ummi ta ce kada a bari ya bushe. Kai ka ƙi. Ruwa dai ruwa ne."

Na ce, "Matsa. Matsa daga nan, kada in ƙara ganin hannunki a gindinsa."

Na durƙusa na kwashe ƙasar da kumfar ta jiƙa da hannuna, ina zagin sabulun, da azyab, da ɗan Yaman, da ranar da na karɓi jiƙaƙƙen buhun nan. Sannan na je na ɗauko bokitin mukayyif. Ranar a makare na isa warsha.